Yadda Muka Tayar da Gidan Kakanmu a Ƙasar Kura

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya. A Kano na yi aure, a nan na yi aiki, a nan na haifi 'ya'yana, amma asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kura, in ka kama hanyar Zariya ka ratse. Tun da muka gyara gidanmu na gado 'yan'uwa da abokan arziki ke tambaya ta wa ya yi mana adon, ina muka samo kayan, nawa muka kashe. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a wurin biki, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Kakanmu marini ne. Duk wanda ya san Kura ya san ta da shuni. Turkuɗin da ake rinawa a can, wanda ake kira ɗan Kura, har Agadas ake kai shi, Buzaye su naɗa rawani da shi ya bar musu baƙi-baƙi a fuska suna alfahari. Da kuɗin wannan sana'a Kaka ya gina gidan: zaure babba mai rufin ɗaurin guga, shigifa, turakarsa, ɗakunan mata uku, rumbuna a tsakar gida, karofi kuma, wato wurin rini, can bayan gari. Daga baya yadin kanti da rinin bature suka karya kasuwar. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya iso ƙasar, mutane suka koma noman rani, shinkafa da alkama da tumatir, ramukan rini suka cike da shara. Mahaifinmu boko ya yi, ya zama ma'aikaci a birni. Gidan ya rage daga Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo bayan rasuwar mijinta, sai jikokin da ake turo mata su taya ta kwana.

Damunar 2022, wadda ta yi ɓarna a Kano da Jigawa da sauran wurare, ita ta kayar da katangar gabas da rabin shigifa. A lokacin Baba bai daɗe da rasuwa ba, ba a ma raba gado ba. Muka haɗu a gidan babban wanmu. Shawara biyu ce a ƙasa: ko a sayar, ko a rushe a tayar da ɗaki uku na bulo a rufa kwano Gwaggo ta zauna. Na ce a ba ni gidan, in biya kowa rabonsa da garatutina da kuɗin adashen da na kwasa. Aka yi tsit. Can Yaya ya dube ni ya ce, "Ke dai kin cika rigima. Na bar miki nawa kason, amma in ƙasa ta cinye miki kuɗi kada ki zo min da kuka." Na ce, "Na gode, Yaya, Allah ya ƙara girma." Sauran na biya su, aka rubuta, dattawa suka sa hannu.

Samun magini shi ne wahalar farko. Birkila dai ga su nan birjik, kowa da cebur da buhun siminti a ka. Wanda ya san ƙasa ne babu. Sai da aka yi min kwatancen wani tsoho a wani ƙauye da ke gaba da namu, wanda ya gaji ginin daga ubansa. Ya zo da sandarsa ya zaga gidan bai ce uffan ba, yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Da ya iso inda katangar ta faɗi ya ɓanɓaro wani falle na siminti da hannu ɗaya, ya nuna min bayansa jiƙe sharkaf. Ya ce, "Hajiya, ba ruwan sama ne ya kayar da gidan nan shi kaɗai ba. Wannan ne." Shekarun baya an yi wa bangon filastar siminti don a taimaka masa. Ashe siminti ba ya kama jikin ƙasa; da ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba hanyar fita, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki ana ganin waje lafiya lau. Ya ce bangon ƙasa numfashi yake yi, ya sha ruwa ya fitar, in ka toshe masa hanci ka kashe shi.

Da kaka ta yi aka fara. Aka haƙo jar ƙasa, aka kwaɓa da ciyawa, aka tattake, aka bar ta ta ruɓa, aka sake kwaɓawa. Aka mulmula tubali aka shanya. Azara ta ba mu wuya, don giginya ta yi ƙaranci, kuma tsohon ya ƙi yarda da katakon kasuwa, ya ce gara za ta gama da shi kafin jikokina su yi wayo, ita kuwa azara gara ba ta iya mata. Yawancin azarar shigifar da ta rushe ma tsamo ta aka yi daga cikin ƙasa aka mayar, ba abin da ta yi. Aka gyara indararo, aka ɗaga zankwaye a kusurwoyin zaure. Makuba kuwa sai da na sa yara suka bi gida-gida wurin masu daddawa suna tattaro ɓawon ɗorawa. Aka jiƙa, aka yi yaɓe da ita, bango ya fito ja-ja mai duhu, yana wani ƙamshi da rabona da shi tun ina yarinya.

Ban ce komai sai na da ba. Na sa an ja ruwan famfo, an yi banɗaki na zamani a can gefe da bulo da siminti, don a nan wurinsu yake. An kafa sola, an bi da waya ta cikin bututu an yaɓe. Wanda ya ce in zauna da aci-balbal a wannan zamani don son gargajiya, shi ya zo ya zauna.

Da aka zo fuskar zaure, tsohon ya tambaye ni zanen da nake so. Ya ce a zamaninsu masu kuɗin Kano da Zariya har keke da agogo da jirgin sama suke sa a zana musu, kowa ya nuna abin da ya mallaka. Na ce, "Baba, ni ba ni da jirgi. A sa dagi a saman ƙofa, a gefe kuma a yi wani abu da zai nuna gidan marina ne." Ya yi dariya. Da yatsunsa ya fitar da zanen a jikin ɗanyen yaɓe, ba takarda ba ma'auni: dagi a tsakiya, da'ira uku a jere a matsayin bakin ramukan karofi, da doguwar muciyar motsa baba, wato ruwan rini, a tsaye kusa da su. Tsofaffin garin da suka wuce suka gani, ba wanda ya nemi bayani.

Ranar daɓe ita ce ranar da ba zan manta ba. Gwaggo ce ta yi gayya. Aka zuba tsakuwa da jar ƙasa a zaure da ɗakuna, aka yayyafa ruwa, mata suka durƙusa a jere kowa da madaɓinta. Tsofaffi suka ɗauko waƙa, ana bugawa tare, tim, tim, har ƙasa na amsawa a ƙirjin mutum. Rabin waƙar habaici ne, na kishiya da na uwar miji da na rowar maigida, ana yi ana shewa. 'Yan matan da suka zo kallo ba su san baiti ko ɗaya ba, amma kafin azahar sun karɓe amshi, wasu sun karɓe madaɓin ma. Na dafa dambu da zogale, aka dama kunun tsamiya. Bayan ya sha iska aka dinga shafa masa ruwan makuba ana gogewa, har daɓen ya yi santsi yana ɗaukar ido. Wata tsohuwa ta ce min rabon da a yi daɓe a garin tun kafin a aurar da 'yarta ta fari, wadda yanzu ita ma ta aurar.

Sai maganar kaya. Kafin in sayi ko cokali, ɗakin shirgi na fara buɗewa, wani ɗaki a ƙurya da aka mayar wurin jibge duk abin da aka gaji da gani. Mun ci ƙura ranar, mun kashe kunamu. Buzun sallar Kaka asu ya gama da shi, tabarmi sun zama gari. Amma ga akussa baƙaƙe guda huɗu, ɗaya da murfinsa. Ga adudun kakarmu, ga gadonta na ƙarfe mai rumfa an kwance shi an jingine. Ga fitilar ƙwai ba ƙwan, ga gafakar fata da allunan yara da suka yi baƙi don wanki da rubutu. Ga dutsen niƙa da ɗansa. A can ƙasa, ƙarƙashin buhunan da suka ruɓe, muka jawo wani gungumen itace mai nauyin tsiya. Gwaggo ta ce, "Au, mabugin Malam ne." Kaka take nufi. A kansa ake shimfiɗa turkuɗi a yi ta dukansa da guduma har ya yi ƙyalli. Shekara da shekaru na duka sun sa bayansa ya yi sulɓi, shuni ya shige cikin itacen ya zauna, baƙi mai shuɗi-shuɗi, in ka shafa tafin hannunka sai ka ji sanyi. Wanke shi kawai muka yi muka shafa man kaɗe. Yanzu yana zaure, shi ne wurin zaman baƙi, kuma duk gidan ba abin da na fi so kamarsa.

Abin da ban samu ba shi ne tasoshin tagulla na kakarmu, aikin Bida, waɗanda na tashi ina ganinsu a jere. Gwaggo ta ce wata shekara da abinci ya yi wuya wani ɗan gwangwan ya zo ya ɗora su a sikeli ya biya kuɗin kilo. Kuɗin kilo! Aikin da maƙeri ya zauna ya yi wa zane da ƙusa ɗigo-ɗigo. Ban ga laifin Gwaggo ba, yunwa ba ta san tarihi ba. Amma har yau in na ji masu kurar nan suna kiran a fito da tsohon ƙarfe, raina ɓaci yake.

Daga nan na shiga Kurmi. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, kuma har yanzu in ka san lungun da za ka bi za ka samu abin da ba ka zata ba. Sai dai a yi hattara. Da sun ga mace da tabarau tana tambayar tsohon kaya, sai a ɗauke ta Baturiya a yanka mata kuɗi. Akwai kuma sabuwar tagulla da ake dusasar da ita don ta yi kama da tsohuwa. Ni gindin tasa nake juyawa in duba: wadda aka yi shekaru ana ajiyewa ana ɗauka, gindinta ya side, zanen bakinta ya lafa inda yatsu ke kamawa. Na samu uku da raina ya kwanta da su. Toka da lemon tsami na sa na dirje su, ban kai su a wanke da inji ba, don ba na son su fito kamar na kanti.

Kwanonin jere kuwa ba a kasuwa na same su ba. Wata dillaliya ce a unguwarmu, irin masu shiga gida-gida da ƙunshi a ka, na gaya mata abin da nake nema. Ta ce, "Hajiya, kwalla? Wa ke son kwalla yanzu?" Kafin wata ya zagayo ta fara kawo min: kwalla mai fure ja da shuɗi, fanteka, langa, kumbo, samira mai murfi. Duk daga ƙarƙashin gadon tsofaffi suke fitowa, kayan aurensu ne da 'ya'ya suka raina. Nan na kafa mata sharaɗi, ta gaya min abin da mai kayan ta ce, in biya ba ragi, ladanta daban. Tsohuwar da ta fito da kwallar aurenta ba don marmari ta fito da ita ba, magani za ta saya ko hatsi. Ina jin mutane na fariyar sun sayi tsohon kaya a banza wurin wadda ba ta san darajarsa ba. Ni ban ga abin fariya a nan ba.

Gwaggo ce ta yi jeren da hannunta a ɗakin kakarmu, don ni na manta ƙa'idarsa. Manya a ƙasa, a kifa wannan a kan wancan baki da baki, a ɗora mai bi masa, a yi ta hawa har kusa da rufi, layi-layi, launi na amsa launi. Inda fentin kwano ya ɓantare ya bar baƙin tabo, ɗiyata ta ce a shafe. Na hana. Aka ɗaura gadon ƙarfen, aka yi masa sabon fenti, aka sa katifa ta zamani, aka rufa gwado. Adudu yana gefensa, zannuwan gado ke ciki.

Sauran kayan sababbi ne, amma duk aikin hannu. Tabarmin kaba da faya-fayai matan garin suka saƙa, na biya su, kuma na roƙe su kada su sa zaren leda mai ƙyalli da ake yayi yanzu. Asabari na ƙofofi daga kasuwar ƙauye. Tum-tum na fata wurin dukawa na sa aka ɗinka, ja da baƙi, muka cusa tsummoki da kanmu. Randuna biyu wata maginiyar tukwane ta gina min, muka girke su a kan yashi a inuwa, aka rufe da faifai aka ɗora moɗa. Ƙoren da suka tsage gyartai ya ɗinke su. Labule ne ya fi ɗaukar lokaci: na samu masaƙi ya saƙa min fari ƙwarya-ƙwarya, wato sirara-sirara, aka haɗa, na kai marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 take, aka tsoma a baba. Na tsaya ina kallo ana ciro shi kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idona. Marinin ya ji ni jikar marini ce daga Kura, ya ƙi karɓar kuɗin tsomi na ƙarshe. Wanda zai yi irin wannan ya sani shuni yana zuba a wankin farko, kada a haɗa shi da farin kaya. A bangon zaure allo ɗaya ne na rataya, mai zayyana, wani alaramma ya yi wa ɗana lokacin saukarsa.

In aka haɗa kuɗin kayan adon gaba ɗaya, bai kai na saitin kujerun da ke falona na Kano ba. Abin da ya ci kuɗi aikin gini ne da azara da ciyar da ma'aikata.

To, a nan ne muka yi karo da Gwaggo. Ina cikin murna na ce za a yi wa ɗakinta daɓe a sa mata asabari da tulu a ƙurya. Ta ajiye carbinta ta ce, "Ke 'yar nan, zauna ki ji. Tulun nan da kike wa kallon ado, shi ya cinye min wuya, tun ina shekara tara nake ɗauko shi daga rijiya. Dutsen niƙan da kika girke a tsakar gida kina shafawa, kin san asuba nawa na yi a durƙushe a kansa? Ku da kuka tafi birni ku ke marmarinsu. Ni tayil nake so, da fanka, da kujera mai laushi." Na ce, "Gwaggo, an gama." Aka sa mata tayil fari, da fanka, da labulen kanti mai fure wanda ita ta zaɓa, da kabad na gilashi ta jera kofunanta na roba. Baƙi in sun zo sukan ce ɗakin nan ya fita daban da sauran. Ya fita daban, mai shi ce ta so haka, kuma ita ce ta riƙe gidan shekarun da duk muka guje shi. Mutanen gari ma da farko cewa suke Hajiya ta zo da kuɗin birni ta sayi talauci. Ban yi musu da kowa ba. Da zafin bazara ya zo, ɗakunan kwano suka zama tanda, sai ga dattawa sun dawo hira zaurenmu da rana tsaka, don in ka shigo sai ka ce an kunna maka na'urar sanyi.

Doka ɗaya na kafa a gidan: ba abin da za a ajiye don kallo kawai, in ban da jere, wanda shi dama don kallo aka yi shi. Akushi in ba a zuba masa tuwo ana shafa masa mai ba, bushewa yake ya tsage. Randa in ta zauna ba ruwa, ƙwari ne za su tare a ciki. Tabarma in ba a shimfiɗa ana kaɗewa ba, gara ta samu. Don haka a akushi muke cin tuwo in mun je, a ƙwarya ake dama fura, da ludayi ake sha. Jikokina da suka saba da firji yanzu rige-rigen ruwan randa suke. An fasa min ƙwarya biyu da kasko ɗaya, wani yaro kuma ya zana mota da gawayi a jikin bangon shigifa. Na bar motar.

Babbar Sallar da ta wuce a can muka yi ta, mu da 'ya'ya da jikoki. Yaya da ya ce kada in zo masa da kuka, shi ya fara isowa, ya shimfiɗa darduma a turakar Kaka ya ce nan ne masaukinsa daga yau. Ya zauna a kan mabugin nan yana ba yara labarin yadda Kaka ke dawowa daga karofi hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, labarin da ni kaina ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ginin ƙasa dai ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba tsaga, an share indararo, an taɓa yaɓe inda ya zaizaye. Tsohon maginin ƙafa ta fara ba shi matsala, ba ya iya hawa tsani, yana ƙasa yana nuni da sanda, jikansa ne ke sama. Yaron da farko acaɓa yake so a saya masa, amma tun da mutum biyu daga Kano suka zo suka ga zauren suka nemi a yi musu irinsa, ya fara tsayawa yana sauraron kakan. Rumbu ɗaya ya rage ba mu tayar ba, shi ne aikin bana in Allah ya kai mu kaka. Na riga na gaya wa Yaya cewa tunda ya zaɓi turaka, kuɗin jinkar rumbun da yaɓen bana a wuyansa suke. Ya ce zai duba. Na ce ya duba da wuri, don masu ɗorawa ba sa ajiye ɓawo su jira kowa.